Kwalbar da Inna Hansatu Ta Cika

Duk sabon ma'aikacin da aka turo sashenmu, tambayarsa ta farko ba ta canzawa: "Baba Ilu, wai da gaske aikinka ɗiban ruwa a kwalba ne kawai?" Yana faɗa yana danne dariya. Ni kuwa sai in ce masa eh, shi ne kawai, kamar yadda aikin mahauci yanka ne kawai. Yanzu na yi ritaya, ƙuguna ba ya son babur, amma har yau kuna biyo ni gida nan Kazaure da wannan tambaya. To ku gyara zama in ba ku amsar gaba ɗaya, ku huta ni ma in huta.

Abin da nake yi shi ne in je rijiya, ko burtsatse, ko tafkin da mutane ke sha, in ɗebo ruwan yadda yake, in kai shi ɗakin gwaji kafin ya canza hali. A can ake duba ko akwai ƙwayoyin cuta, ko gishiri ya yi yawa, ko wani abin da ido ba ya gani. Abin da gwajin ya nuna shi ake kai wa manya. Da shi suke yanke inda za a haƙa sabon burtsatse, da rijiyar da za a zuba wa magani, da wadda za a rufe. Wanda ke sa hannu a ofis bai taɓa leƙa rijiyar ba, kuma ba zai leƙa ba. Abin da ke cikin kwalbar nan kaɗai ya sani game da ƙauyen.

Aikina na farko a wani famfon tuƙa-tuƙa ne a ƙasar Roni, ina bin Oga Yohanna. Mutumin Filato ne, gajere, mai faɗa, ya daɗe a Kazaure har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Ya sa na yi ta tuƙa famfon har kafaɗata ta gaji, wai ruwan da ya kwana a bututu ba shi ne ruwan ƙasa ba. Sannan ya jiƙa auduga da sifirit, ya ƙyasta ashana, ya babbake bakin famfon, ya miƙo mini kwalba. Na buɗe, na cika, na rufe, na miƙa masa ina jiran yabo. Ya karɓa ya tuttular da ruwan a ƙasa, gaban matan da ke layi da bokitansu.

"Me na yi, Oga?"

"Babban yatsanka ya taɓa cikin murfin. Yanzu in an gwada, ruwan Roni za a gwada ko ɗumamen da ka ci da safe?"

Matan suka kwashe da dariya, ni kuwa na ji kamar in nutse. Bai ba ni wata kwalbar ba sai da ya sa na zagaye wurin da ƙafa. Ina shadda mafi kusa? Ina ake ɗaure dabbobi? In an yi ruwan sama ta ina yake gangarawa? Dakalin famfon ya tsage ko bai tsage ba? Sannan ya tura ni wurin matan da suka gama yi mini dariya, in tambaye su ko ruwan yana canza launi da damina, ko yara na yawan ciwon ciki. Ya ce ɗakin gwaji zai faɗi abin da ke cikin ruwan, amma ba zai faɗi daga ina ya shigo ba, wannan sai wanda ya tsaya a wurin da ƙafarsa. Na yi shekaru a ƙarƙashinsa, ban taɓa jin ya ce na yi daidai ba. In ya karɓi kwalba ya sa a kular ƙanƙara bai ce komai ba, to shi ne yabon.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da rigimarsa. Kwalaben ana dafa su a ɗakin gwaji cikin wata tukunyar ƙarfe mai ɗaurarren murfi, a naɗe kawunansu, ba mai buɗewa sai a bakin ruwa. Akwai igiya, da ƙarfe mai nauyi da ake ɗaurawa a gindin kwalba in rijiya ce mai zurfi. In kwalbar ta daki bango ta kankaro ƙasa, ta ɓaci, sai a ɗauko wata. Akwai ma'aunin zurfi, doguwar waya a naɗe, wadda ke ƙara da zarar bakinta ya taɓa ruwa. Sai kula, da ƙanƙarar da ake zubawa a ciki, kuma ita ce ta fi komai wahalar da ni. Ruwan gwaji in ya sha zafi, ƙwayoyin da ke ciki ko su ninka ko su mutu, ka kai ƙarya ofis ba ka sani ba. In an ɗauke wuta a gari, haka nake bin masu sayar da lemo shago-shago ina roƙon ƙanƙara. Sannan in ɗaure kular a bayan babur, in bi hanyar Gwiwa da damina, hannu ɗaya a kan babur ɗaya yana lalubar baya ko igiya ta kwance.

Akwai wasu rijiyoyi da na yi ta auna zurfin ruwansu, rani da damina, shekara bayan shekara. Ku da kuke son komai ya fito yau a waya za ku ce aikin banza ne. Amma ƙasar nan ba iri ɗaya ba ce. Babura yashi ne, in ka yi haƙuri da haƙa za ka cim ma ruwa. Roni da Gwiwa da bayan Kazaure dutse ne, ruwan yana maƙale a tsagar dutse, ka kauce kaɗan ka haƙa busasshen rami. Na ga burtsatsen da aka buɗe da kiɗa da jawabi, kafin rani ya ƙare awaki ne ke kwanciya a inuwar tankinsa, domin an haƙa shi a ƙofar gidan wanda ya kawo aikin, ba inda awo ya nuna ba. Kuma da wannan awon na kullum ne muka ga ruwa yana ja ƙasa a wuraren da injinan ban-ruwa suka yawaita, tun kafin masu gonakin su lura. In babu mai zuwa ya jefa waya a rijiya, wanda ke yanke hukunci cinta kawai yake yi, kuma in ya yi kuskure ba shi zai sha ruwan ba.

Masu neman aikinmu kuwa iri-iri ne. Na tuna wani mai gidan fiya wata a Babura. Na je na ɗebi ruwansa, na ga bututunsa ya bi ta gefen kwatami, na faɗa masa. Ya ce, "Haba Malam Ilu, ai mu da kai ba ta ɓaci." Ana gobe sakamako zai fito sai ga rago a adaidaita sahu har ƙofar ɗakin gwaji. Shugabar ɗakin a lokacin Hajiya Binta ce, mace mai sanyin murya wadda ba a juya ta. Ta fito ta dubi ragon, ta ce wa direban, "Ɗan'uwa, kada ka sauke shi, ka mayar da shi inda ka ɗauko. Ka ce wa Alhaji ya gyara bututu." Ire-irensa ba su taɓa ba ni tsoro ba. Mai son ya yaudare ka kana ganinsa tun daga nesa, kuma ka san yadda za ka yi da shi.

Shekarar da ta fi kowace muni a aikina, babu mai son yaudarar kowa a cikinta. Damina ce ta zo da ƙarfi. Ruwa ya cika kwari, katangu suka zube, shaddodi suka cika suka tumbatsa, abin da ke cikinsu ya bi gangare. Da ruwan ya ja, umarni ya zo daga sama cewa a gwada ruwan ƙauyukan yankinmu. Inda ya lalace a je nan take a zuba magani a hana sha, kuma su za a fara haƙa wa burtsatse, domin burtsatsen da aka samu kaɗan ne. Tsari ne mai kyau, ban taɓa cewa ba shi da kyau ba. Sai dai ƙauyuka da yawa, mu 'yan ƙalilan, motar sashe tana gareji, man zuba wa babura bai wadata ba, kuma ana son sakamako da gaggawa. Sai wani daga sama ya kawo dabara. A raba wa masu unguwanni kwalabe ranar kasuwa, kowa ya cika daga rijiyar garinsu, ya kawo da sassafe, mota ɗaya ta kwashe.

Hajiya Binta ta ƙi. Ina tsaye a bakin ƙofa na ji tana cewa, "Ranka ya daɗe, wannan ba gwaji ba ne. Wa zai ga rijiyar? Wa zai san yadda aka cika?" Aka ce mata ta zaɓa, ko a yi haka, ko a raba burtsatsen babu gwaji kwata-kwata. Ta san in babu gwaji ƙofar gidajen da za a haƙa, mu ma mun sani. Ta yarda, ranta a ɓace. Ni aka tura ni ɓangaren Babura in bi inda babur zai iya kaiwa. Kwalaben Gwiwa kuwa masinja ne ya kai kasuwa ya raba, da bayani guda: hukuma na son ta ga ruwan da kuke sha.

A ƙasar Gwiwa akwai wani ƙauye bayan duwatsu, ba zan faɗi sunansa ba. Rijiya ɗaya gare su, tsohuwa, a cikin kwari, gidaje suna sama da ita. Na san wurin, na sha auna rijiyar a shekarun baya. Mai unguwarsu Malam Sale, dattijo ne mai tsafta da kamun kai, ko gona za shi rigarsa fes take. Kwalbar ƙauyensa ta zo tare da sauran, aka gwada ta yadda ya kamata, ta fito ba ta da komai. Ba a yi kuskure a ɗakin gwaji ba, ruwan da ke cikin kwalbar mai kyau ne. Waɗanda suka gwada ba su taɓa zuwa ƙauyen ba, ba su da dalilin shakka. Aka sa garin cikin waɗanda za su iya jira, ba a aika magani ba. Ni ina Babura ban ma ji labarin ba.

Ba a daɗe ba amai da gudawa ya ɓarke a can. Aka kira ni aka haɗa ni da ma'aikatan lafiya. Mun bar mota a inda hanya ta yanke, muka ƙarasa da ƙafa. Ajin firamaren garin an mai da shi ɗakin jinya, ya cika, sauran marasa lafiya suna kwance a kan tabarmi ƙarƙashin darbejiya, an rataye ledar ƙarin ruwa a jikin reshe. Ba a kuka da ƙarfi, mutane sun gaji. A hanyar kwari na wuce maƙabarta, na ga sababbin kaburbura, yawancinsu gajeru.

Tun kafin in kai rijiyar wari ya tare ni. Wata shadda da ke sama ta rufta, kuma ga sawun ruwa nan a ƙasa, ya taho daga ita kai tsaye har bakin rijiyar, inda ginin ya zube ta gefe guda. Ko makaho ya tsaya a wurin zai san abin da ya faru. Na zura kwalba da igiya na ɗebo, ruwan ya fito jaja-jaja, da abubuwa suna yawo a ciki. Wannan kwalbar ce ta sa aka rufe rijiyar aka riƙa kawo musu ruwa a tanka. Burtsatse kuwa an riga an gama rabo, sai da wata daminar ta zagayo suka samu.

Amma kafin in bar garin ranar, sai da na je zauren Malam Sale. An gaya mini an yi rashi a gidansa, wata yarinya mai suna Ummi, jikar yayarsa. Na same shi zaune a kan buzu, ya rame, carbi a hannu. Na durƙusa.

"Ranka ya daɗe, ya haƙuri? Allah ya sa mai ceto ce."

"Amin, Malam Ilu. Haƙuri sai ma'abocinsa. Ka zo a mummunan lokaci."

Ba a kawo maganar aiki a zaman makoki. Amma dole in sani, ko don sauran ƙauyukan da aka raba wa kwalabe.

"Ranka ya daɗe, ka gafarce ni. Kwalbar nan da aka ba ka a kasuwa, daga wace rijiya aka cika ta?"

Ya ɗago ya dube ni. "Muna da wata ne? Daga ita."

"Wa ya cika?"

"Yayata, Hansatu. Ita ke kula da ruwan baƙi a gidan nan tun zamanin mahaifinmu. Na ce abu ne na hukuma, ba zan ba yara su yi wasa da shi ba."

Ya aika aka kira ta. Tsohuwa ce doguwa, ta fito a hankali tana dafa bango, ta zauna a bakin ƙofar cikin gida, ta ja mayafi. Ita ta riƙe Ummi tun da aka yaye ta. Na yi mata gaisuwa, ta amsa. Sannan na tambaye ta yadda ta cika kwalbar, ina lallaɓa maganar.

"Ai ban yi wasa da ita ba, ɗan nan," in ji ta. "Da kaina na je rijiya, ban aiki kowa ba. Da na ɗebo na ga yadda yake, na ce subhanallahi, wannan za a kai gaban hukuma a ce daga gidan Sale ya fito? A ce mu ƙazamai ne? Ko baƙon da ya tsaya wucewa ba ma ba shi irin wanda muke sha, balle manya."

Ta ci gaba da lissafa mini, da muryar wadda ta san ta yi aikinta da kyau. Ta jefa alif ta bar shi ya kwanta. Ta tace da sabon farin ƙyalle. Ta ɗora a wuta ya tafasa sosai, da busasshen iccen da take ɓoyo a ɗaki saboda damina. Ta bar shi ya huce a rufe. Ita kanta kwalbar sai da ta ɗauraye ta da tafasasshen ruwa kafin ta cika.

"Inna, kullum kuna dafa ruwan sha haka?"

"Da wane icce? Komai ya jiƙe, ga gida cike da mutane. Wannan sai baƙo."

Haushi ya kama ni, kuma babu kowa a zauren da zan ɗora wa shi. Malam Sale ya riga ta ganewa. Na ga carbin ya tsaya a hannunsa, ya sunkuyar da kai. Ita kuwa ta dubi ƙanenta, ta dube ni, ta sake duban ƙanenta.

"Mene ne? Bai yi kyau ba ne?"

"Ya yi kyau, Inna."

"To me ya sa kuka yi shiru?"

Malam Sale ya ce, "Yaya, shiga gida ki huta. Kowa da kwanansa."

"Na san da kwananta, ba kai na tambaya ba." Ta juyo gare ni, ta sassauta mayafin daga fuskarta. "Malam Ilu, dube ni. Me ake yi da ruwan in an kai?"

Na faɗa mata. Na ce ana duba shi ne don a san garin da ruwansa ya lalace, a kai masa magani da wuri.

"Namu da aka duba fa?"

"An ga mai kyau ne."

"Shi ya sa ba a zo ba."

Ta daɗe tana kallon ƙasa. Daga can wajen makaranta ana jin wata mata tana kiran ma'aikacin lafiya.

"Da na aika da shi yadda na ɗebo shi, da an zo?"

Na nemi hanyar kaucewa ban samu ba. Tsohuwa ce mai hankali, in na yi mata ƙarya za ta gane, kuma ta riga ta haɗa lissafin da kanta. Na ce, "Da an zo, Inna. Amma ba ke ya kamata a ba kwalbar ba. Irinmu ya kamata a turo mu ɗiba da hannunmu, ba a turo ba. Wannan ba laifinki ba ne."

Ban san ko ta ji ƙarshen maganar ba. Ta sa hannu tana shafa bakin tabarmar da take kai, tana gyara wani zare da ya fito.

"Ba wanda ya ce mini mai dattin kuke so," in ji ta a hankali.

Ta dafa bango za ta tashi, sai ta fasa, ta koma ta zauna.

"Ummi ce ta riƙe mini ƙyallen da na tace. Da ya huce ta leƙa kwanon, ta ce, Inna, wannan ruwan ya yi kyau, ba ni in sha. Na buge mata hannu. Na ce na hukuma ne."